Faɗin Taya Ɗaya

Ni ba ɗan tsere ba ne. Faci nake yi
a gindin bedi, bayan Kasuwar Dole,
shekara ashirin da bakwai farcena bai rabu da baƙin mai ba.
Ranar tsere kaɗai ake ɗora ni bayan babur,
taya biyu a kafaɗa, famfo tsakanin cinya,
in bi su kamar balbela a bayan shanu.

Daga Matamai suka taso da hantsi, su arba'in da ɗaya.
Kafin Kance sun zama igiya guda.
Na gaba yana shan iska domin na baya,
in ƙirjinsa ya ƙoshi ya kaɗa gwiwar hannu, ya zame gefe,
wani ya karɓa.
Ba alƙalin da ya ce a yi haka.
Amma wanda ya laɓe bayan mutane tun safe
ya fito a bakin layi da ƙafa sabuwa,
ko ya ci, shi kaɗai zai sha shayinsa.

A Takeita suka rage biyu:
Tanimun ɗan Birni, mai riga ruwan ɗorawa,
da Kiyari na Garin Malam, kekensa na aro,
sirdi ɗaure da roba.
Ba sa ga-maciji tun bara,
kan wata kafaɗa da ta taɓa wata a kwana.
Duk da haka na ga gorar ruwa
ta tsallaka daga hannu zuwa hannu,
ba wanda ya dubi wani.

Bayan Tirmini, inda kwalta ta yi zanzana,
wata akuya ta ga lokacin tsallakawarta ya yi.
Tanimun ya kauce, ya daki rami, sarƙa ta zame.
Na diro tun babur bai tsaya ba.
Yatsun da suka san sarƙa ko a duhu
ranar suka mance ni.
Daƙiƙa talatin, wataƙila arba'in.
Na ɗaga kai ina cewa a raina,
shi ke nan, yaron can ya ga duwatsun Damagaram.

Yana nan.

Ya saki feda, ya miƙe zaune,
yana gangarawa kamar mai zuwa sayen goro,
yana waige.
Mai babur ya ce, "Wannan lafiyarsa ƙalau?"
Ban tanka ba. Maƙogwarona ya cika.
Tanimun ya iso shi, ba sannu, ba na gode.
Suka sunkuya tare,
sai a lokacin yaƙi ya komo.

A shiga gari, yara kan katanga, mata da tulu sun tsaya,
jandarma na kora mutane da hula.
Suka zo layi kamar hannu biyu na mutum ɗaya.
Faɗin taya.
Na auna da idona, ni da taya ce abincina.
Tanimun ya tafi da sabon keke,
Kiyari da katan ɗin taliya da tafi kaɗan.

Kawunsa Ciroma, mai keken aron,
ya tare shi tun bai sauke numfashi ba:
"Allah ya ba ka, ka tsaya kana waige!"
Yaron ya goge gishirin da ke girarsa, ya ce,
"Kawu, da na tafi,
akuya ce ta ci. Ba ni ba."

Ran Talata, bayan la'asar,
Tanimun ya zo rumfata da abu cikin leda:
sirdin sabon keken nan, ko zama ba a yi kansa ba.
"Ka ɗaura wa wancan. Kada ka ce daga ina."
Na ɗaura.
Na caje shi dala ashirin, aiki aiki ne.

Har yau ba sa gaisawa.
Robar da na kwance tana rataye a ƙusa,
ban san me ya hana ni yar da ita ba.